Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Binciken Ɓatan Ƙananan Yara A Sansanonin Shaƙatawa

Zuwa ga shugabannin 'yan sanda, da jami'an kula da gandun daji, da masu jagorantar aikin neman ɓatattu.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, na rubuto muku ne game da wani aiki da ke faɗowa a wuyanku ba tare da sallama ba, wato lokacin da aka kira ku aka ce ƙaramin yaro ya ɓace daga sansanin da iyalai ke kafa tantuna su kwana a daji domin hutu. Ni ba ɗan sanda ba ne, kuma ba zan koya muku aikin da kuka yi shekaru kuna yi ba. Abin da nake riƙe da shi kawai shi ne abin da kotuna da hukumomin bincike suka riga suka baje a fili game da wasu yara da suka ɓace a Ostareliya da Amurka. Da na jera waɗannan al'amura na duba su da kyau, sai na ga roƙo ɗaya ne ya fi cancanta in kawo gabanku, shi ne kada ku tsayar da labarin abin da ya faru kafin shaida ta tsayar muku da shi.

Dalilin da ya sa na keɓe sansani daga sauran wurare shi ne yadda yake tara haɗurra iri-iri a fili ɗaya. Idan yaro ya ɓace a cikin gari, akwai katanga da ƙofa, akwai maƙwabta da suka san fuskar juna, sau da yawa kuma akwai kyamarar tsaro a wani lungu. A sansani kuwa, abin da ya raba yaro mai barci da duniyar waje ƙyalle ne da zif. Mutanen da ke kwance a tantin gefe baƙi ne da suka iso jiya, gobe da safe kuma za su naɗe kayansu su kama gabansu. Ofishin 'yan sanda mafi kusa yana iya zama tafiyar sa'a guda ko fiye, layin waya kuma yana zuwa yana ɗaukewa. A irin wannan wuri mai yiwuwa yaron ya fita da ƙafarsa ya kasa komowa, ko ya faɗa ruwa, ko dabba ta ɗauke shi, ko wani baƙo ya ɗaga shi ya sa a mota, kuma ba za a kore cewa wani daga cikin waɗanda suka zo da shi ne ya cutar da shi ba. A sa'ar farko duk waɗannan ƙofofi a buɗe suke, kuma kowace da irin aikin da take nema. Yaron da ya ɓata da ƙafarsa yana buƙatar mutane su bazu cikin daji nan take. Wanda aka sace kuwa yana buƙatar a tare hanya, a rubuta lambar kowace mota, a hana kowa taka ƙasar da ke bakin tantin. Taron da zai ceci na farko shi ne zai share sawun da zai kai ku ga na biyu, kuma wannan ne ya sa shugabancin sa'ar farko ya fi komai nauyi.

Amurka ta ɗanɗana wannan a watan Yunin 1969, lokacin da wani yaro ɗan shekara 6 ya ɓace a filin Spence Field, cikin gandun dajin Great Smoky Mountains da ke kan iyakar jihohin Tennessee da Karolina ta Arewa. Ranar 14 ga wata ce, yara suna wasan ɓuya domin su fito su razana manya, sauran suka fito, shi bai fito ba. Bayan 'yan sa'o'i ruwa mai ƙarfi ya sauka, kusan inci 3, ya wanke hanyoyi, rafuka suka cika. A kwanakin da suka biyo baya jama'a suka yi ta kwarara da kyakkyawar niyya har masu nema suka kai kimanin 1,400, ciki har da sojoji, aka karaɗe fili mai faɗin murabba'in mil 56, amma har yau ba a ga yaron ba. An ga wasu ƙananan sawu a dajin, aka yi watsi da su bisa zaton na 'yan sikawut ne da suka shiga aikin neman. Da yake ƙafafu sun riga sun yi yawa a wurin, babu wanda zai iya tsayawa ya ce wannan sawun na wane ne. Har yanzu ana kawo wannan aiki a wuraren horar da masu ceto a matsayin misalin yadda yawan jama'a ba tare da tsari ba yake iya ɓata abin da aka fito nema.

Tun daga shekarun 1970 masu nazarin halayen ɓatattu suka fara tara bayanai, kuma abin da suka gano game da yara ya kamata kowane jami'i ya san shi kafin ranar buƙata. Yaro ɗan ƙasa da shekara 4 bai ma san ya ɓata ba. Yana tafiya ne ba alƙibla har ya gaji, sai ya lallaɓa cikin kurmi ko ƙarƙashin dutse ko ramin itace ya yi barci. Wanda ya ɗan ƙara wayo yakan yi ƙoƙarin komawa, amma sau da yawa yakan ƙi amsa kiran baƙo, ko don an hana shi kula wanda bai sani ba, ko don yana tsoron faɗan da za a yi masa. Saboda haka layin mutane masu ƙwala kira zai iya wuce shi da taku kaɗan, su tafi suna cewa sun duba wurin. Mutuwar wani yaro ɗan shekara 9 da sanyi ya kashe a dutsen Palomar na Kaliforniya a 1981 ita ce ta sa aka kafa shirin Hug-a-Tree, wanda ke koya wa yara su tsaya wuri ɗaya kusa da bishiya idan sun ɓata. Amfanin wannan ilmi gare ku biyu ne. Yana nuna inda za a fara dubawa, sannan yana nuna lokacin da ya kamata a ƙara wa zaton sata nauyi, wato idan an tsefe iyakar nisan da ƙafar yaron za ta iya kai shi ba a ga ko takalmi ba. Sai dai a daidai wannan gaɓa ce ake yin kuskuren da ya fi kowanne muni, domin idan daji ya ƙi ba da amsa, idanu sukan juyo kan wanda ya fi kusa.

Babu shari'ar da ta nuna wannan kamar ta Azaria Chamberlain, kuma ina roƙon ku yi haƙuri in ɗan daɗe a kanta. Daren 17 ga Agustan 1980, a sansanin da ke kusa da dutsen Uluru, wanda a lokacin aka fi sani da Ayers Rock, a Yankin Arewa na Ostareliya, Lindy Chamberlain ta ɗaga murya tana ihu cewa dingo, wato karen dajin ƙasar, ya ɗauke mata jaririya daga cikin tanti. Makon jaririyar 9 a duniya. A daren nan mutane kusan 300 suka jeru da fitilu suna duba yashi. Masu bin sawu daga 'yan asalin yankin, waɗanda suka gaji karanta ƙasa kaka da kakanni, sun ga sawun dingo kusa da tantin, da alamar an ja wani abu a kan yashi an kuma ajiye shi. An ga jini a cikin tantin, kuma daga cikin waɗanda ke tare da iyalin a wurin dafa abinci akwai wadda ta shaida cewa ta ji kukan jaririyar jim kaɗan kafin ihun uwar. Babban jami'in gandun ma ya riga ya rubuta wa hukuma tun kafin wannan dare, yana gargaɗin cewa karnukan sun fara raina mutane. Bayan mako guda wani ɗan yawon buɗe ido ya tsinci kayan jikin jaririyar kimanin kilomita 4 daga sansanin, kuma ɗan sandan da ya fara isa wurin ya ɗaga su da hannunsa kafin a ɗauki hotonsu yadda aka same su. Wannan ɗan motsi na hannu ya jawo gardamar shekaru a kan ko dabba ce ta bar kayan haka ko mutum ne ya jera su.

A watan Fabrairun 1981 alƙalin binciken musabbabin mutuwa na farko, Denis Barritt, ya yanke a garin Alice Springs cewa dingo ne ya ɗauke jaririyar, kuma ya wanke iyayen. Amma jama'a sun riga sun yanke nasu hukuncin a gidajensu. Iyalin mabiya cocin Seventh-day Adventist ne, mijin fasto ne, kuma mutane da yawa ba su san komai game da wannan ɗariƙa ba, sai aka shiga yaɗa cewa sunan jaririyar na nufin hadaya a jeji, maganar da ba ta da tushe ko kaɗan. An ce uwar ba ta yi kuka yadda ya kamata ba a gaban kyamara, an ce natsuwarta ta yi yawa, an ce ta taɓa sa wa jaririyar baƙar riga. Aka soke hukuncin farko, aka sake zama, aka tura ta gaban kotu a Darwin. Labarin da masu gabatar da ƙara suka kawo shi ne cewa cikin 'yan mintoci uwar ta ɗauki jaririyar zuwa kujerar gaba ta motarsu, ta yanka ta, ta ɓoye gawar a jakar kyamara, ta share jikinta, ta komo wurin jama'a kamar babu abin da ya faru. Babu gawa, babu makamin da aka tabbatar, babu dalilin da aka iya nunawa na aikata hakan. Duk da haka ranar 29 ga Oktoban 1982 aka yanke mata ɗaurin rai da rai, alhali tana da tsohon ciki, aka kuma samu mijinta da laifin taimaka mata bayan aikatawa. A tsare ta haihu a watan da ya biyo baya.

Abin da ya ɗaure ta shi ne shaidar da aka kira ta kimiyya, kuma nan ne nake son ku fi mai da hankali. Wata ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje ta shaida cewa ta samu jinin jariri a cikin motar, har da wani feshi a ƙarƙashin allon gaban motar da aka ce tsartuwar jini ce daga jijiyar wuya. Wani farfesa daga Landan ya ce ya ga shatin hannun mutum na jini a jikin rigar. Daga baya aka gano cewa feshin nan maganin rage ƙarar mota ne da ake fesawa tun a masana'anta, har an samu irinsa a wasu motoci masu wannan ƙira. An kuma nuna cewa gwajin da aka dogara da shi ba ya ba da tabbacin da aka jingina masa, kuma faranten gwajin ba a adana su ba ballantana wani masani ya sake dubawa. Babbar kotun ƙasar ta ƙi ɗaukaka ƙarar a 1984, alƙalai 3 suka rinjayi 2. Ba hikimar mai bincike ce ta kuɓutar da matar ba, ƙaddara ce ta ratso. A farkon 1986 wani ɗan yawon buɗe ido daga Birtaniya ya faɗo daga kan Uluru ya mutu, kuma wajen neman ragowar gawarsa, a yankin da ke cike da ramukan dingo, aka tsinci 'yar rigar saƙa ta sama wadda uwar ta yi shekaru tana cewa jaririyar na sanye da ita, masu ƙara kuma suna cewa babu ita. Cikin 'yan kwanaki aka sake ta, bayan ta yi fiye da shekara 3 a kurkuku. Hukumar bincike ta musamman ƙarƙashin Mai Shari'a Trevor Morling ta warware shaidar kimiyyar a 1987, kotu ta soke hukuncin a watan Satumban 1988, aka biya diyyar dalar Ostareliya miliyan 1.3 a 1992. Amma sai ranar 12 ga Yunin 2012, kusan shekara 32 bayan ɓatan, alƙaliya Elizabeth Morris ta rubuta a hukumance cewa dingo ne ya kashe Azaria. Kafin nan, a 2001, dingo sun riga sun kashe wani yaro ɗan shekara 9 a tsibirin Fraser, abin da ya rufe bakin masu cewa wannan dabba ba ta taɓa ɗan mutum.

Ranku ya daɗe, abin da uwar ta faɗa a minti na farko shi ne abin da hukuma ta rubuta a ƙarshe. Masu bin sawu sun faɗa, waɗanda suka kwana a sansanin sun faɗa, jami'in gandu ya yi gargaɗi a rubuce. Abin da ya faru a tsakani shi ne an zaɓi labari, sannan aka shiga neman abin da zai tallafe shi, duk abin da ya saɓa masa kuma aka rage masa daraja. A ganina ba mugunta ce ta jawo wannan ba, kuma hakan ne ya fi ba ni tsoro, domin mutanen da suka yi aikin sun yi imani cewa suna nema wa jaririya haƙƙinta ne. Jami'in da ya tabbata a ransa cewa ya gano mai laifi ba ya jin yana zalunci idan ya ture shaidar da ta saɓa masa.

Kada a fahimce ni da cewa ina neman a ƙyale iyaye ba tare da tambaya ba. Kowane ɗan sanda ya san cewa idan aka cutar da ƙaramin yaro, sau da yawa hannun na kusa ne, kuma mai binciken da ya ƙi duba wannan ɓangare don kunya ko tausayi ya ci amanar yaron. Masu iya magana sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, amma aikinku ya tilasta muku zato, saboda haka abin dubawa shi ne yadda za ku riƙe shi. A ɗauki bayanin kowane babba da ke wurin daban-daban tun ranar farko, a duba motarsu da wayoyinsu, a gwada lokutan da suka faɗa da abin da wasu suka gani, a kuma gaya musu a fili cewa haka ake yi wa kowa. Abin da bai kamata ya shiga ma'auni ba shi ne yanayin fuska. Wani idan masifa ta same shi yakan faɗi yana birgima, wani ya daskare, wani ya yi ta surutu, wani har ya yi murmushin da bai san ya yi ba. Haka nan ƙaramin saɓani a bayanin mutumin da bai yi barci ba kwana da kwanaki ba ya zama hujjar kisa.

Akwai kuma batun abin da ake faɗa wa duniya. A watan Yulin 2015 wani yaro ɗan shekara 2 ya ɓace daga sansanin Timber Creek kusa da Leadore a jihar Idaho ta Amurka. An tsefe daji da tafkin da ke kusa, har karnuka masu bin wari suka ruɗe saboda wani ya watsa tokar gawar ɗan uwansa a yankin. A farkon 2016 shugaban 'yan sandan gundumar ya bayyana iyayen a matsayin waɗanda ake zargi. Shekaru sun shuɗe, ba a ga yaron ba, ba a kuma gurfanar da kowa ba. Ba ni da hurumin cewa wane ne mai gaskiya a wannan al'amari. Abin da nake nunawa shi ne cewa kalmar zargi idan ta fito daga bakin hukuma ba ta komawa, kuma idan ba a bi ta da tuhuma a gaban alƙali ba, an bar mutane a rataye, ba a hukunta su ba, ba a kuma wanke su ba. Banda haka, mai wata 'yar shaida da ta nuna wani ɓangare dabam yana iya yin shiru, tunda ya ji an ce an riga an san masu laifi.

Domin kada wasiƙar nan ta zama ta ƙorafi kaɗai, bari in kawo inda aka yi aiki yadda ya kamata. Ranar 16 ga Oktoban 2021 wata yarinya 'yar shekara 4 ta ɓace daga tantin iyalinta a sansanin Blowholes, kimanin kilomita 70 arewa da garin Carnarvon a Ostareliya ta Yamma. Wurin bakin teku ne mai duwatsu, saboda haka zato na farko shi ne ta fita ta faɗa ruwa, aka kuma shiga nema ta ƙasa da ta sama da ta teku. Amma 'yan sanda sun lura da abubuwa biyu ƙanana: jakar barcinta ta ɓace tare da ita, sannan an zuge zif ɗin tantin zuwa tsayin da hannunta ba zai kai ba. Suka ci gaba da neman daji, suka kuma buɗe binciken sata a lokaci guda. Aka kafa runduna ta musamman mai jami'ai fiye da 100, gwamnatin jihar ta sa tukuicin dalar Ostareliya miliyan 1, aka bi diddigin waɗanda suka kwana a sansanin, aka tattara hotunan kyamarori, aka tone sharar kwandunan bakin hanya, aka tsefe bayanan turakun sadarwa domin a ga wayoyin da suka ratsa yankin a daren. A shafukan sada zumunta kuwa, mutanen da ba su taɓa taka wurin ba sun riga sun ɗora wa uwar da abokin zamanta laifi, irin dai abin da aka yi a 1980. Bambancin shi ne 'yan sanda sun binciki gidan iyalin yadda aiki ya tanada, sannan suka fito suka ce ba a zarginsu. Ranar 3 ga Nuwamba, kafin ƙarfe 1 na dare, bayan kwana 18, jami'ai suka fasa ƙofar wani gida a cikin Carnarvon suka same ta da ranta. Mutumin da ya ɗauke ta ba shi da wata alaƙa da iyalin, kuma a watan Afrilun 2023 aka yanke masa ɗaurin shekara 13 da rabi.

Ko a wannan aiki mai kyau akwai abin lura. An kira 'yan sanda jim kaɗan bayan ƙarfe 6 na safe, motar farko ta iso bayan ƙarfe 7 saboda nisa, shingen hanya kuma bai tsaya ba sai bayan ƙarfe 8. Wannan ba laifin jami'an da suka taso ba ne, yanayin wurin ne, kuma shi ya sa nake ganin wani ɓangare na aikin dole ya rataya a wuyan masu kula da sansani tun kafin ku iso. Ya kamata kowane sansani ya kasance da rajistar masu kwana da lambobin motocinsu, mai kula da wurin kuma ya san cewa da zarar an ce yaro ya ɓace, aikinsa na farko shi ne ya tsaya a bakin hanyar fita ya rubuta duk wanda zai wuce, ya kuma sa a kewaye tantin da igiya. Ku ne kuke da ikon koya musu wannan, kuma ba ya cin kuɗi mai yawa. Haka nan ina roƙon ku sake duba ƙa'idojin shelar gaggawa. Tsarin AMBER na shelar satar yara, wanda aka fara a jihar Texas ta Amurka a 1996, yana aiki ne idan akwai dalilin yarda cewa sace yaron aka yi, alhali a sansani wannan dalili shi ne ainihin abin da ba a da shi a sa'ar farko. Ya kamata a samu wata hanya ta sanar da direbobi da gidajen mai da garuruwan da ke kan hanya ba tare da jiran tabbacin da ba zai zo da wuri ba.

A cikin rundunar bincike kuma, ina ba da shawarar a keɓe babban jami'i guda wanda aikinsa shi ne ya ƙalubalanci labarin da ya fi rinjaye. Idan kowa ya karkata ga uwa, shi ya tambaya me za a gani a ƙasa da a ce dabba ce ko baƙo, kuma an je an duba ko ba a je ba. Idan kowa ya karkata ga ruwa, shi ya tambaya wa ya auna tsayin zif. A rubuta kowace ƙofa da aka rufe, da dalilin rufe ta, da sunan wanda ya rufe, domin wanda zai gaji fayil ɗin bayan shekara 10 ya san inda aka bi da inda aka tsallake. Duk abin da aka kai ɗakin gwaje-gwaje a rage wani ɓangare a adana, a kuma bai wa wani masani da ba ya ƙarƙashinku dama ya maimaita gwajin kafin a kai shi gaban alƙali, musamman idan sakamakon ya yi daidai da abin da kuke fata. Masu bin sawu da mafarauta da tsofaffin ma'aikatan gandu, waɗanda suka san ƙasar da dabbobinta, a kira su kafin taro ya tattake wurin, a kuma rubuta shaidarsu da darajar da ake bai wa ta mai digiri, da tafinta idan akwai buƙata.

Saura batun fayilolin da suka tsufa. 'Yar rigar Azaria ta yi fiye da shekara 5 a cikin ƙasa kafin a tsince ta, kuma ta yi amfani ne domin akwai bayanin da aka rubuta tun farko wanda za a gwada ta da shi. Gwajin ƙwayoyin halitta na yau yana iya fitar da magana daga ƙyallen da a shekarun baya ba a iya samun komai a jikinsa, muddin an adana ƙyallen. Saboda haka ina roƙon kada a zubar da kayan shaida na yaron da ba a gani ba komai daɗewa, a riƙa sake duba fayil ɗin lokaci-lokaci da idon wanda bai yi aikin farko ba, a kuma ba iyalin sunan jami'i guda da za su iya kira su samu amsa. Idan kuma bincike ya wanke wanda hukuma ta taɓa ambata da zargi, ina roƙon shugaban rundunar da kansa ya kira 'yan jarida ya sanar, a wurin da aka yi sanarwar farko, ya kuma aika wa iyalin takardar da ke ɗauke da sa hannunsa.

Allah ya taimake ku a kan wannan aiki, ya kuma mayar da ɓatattu hannun iyayensu lafiya.

Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Wani mai bibiyar al'amuran ɓatan yara